Barewar Shambor

Farauta ce ta haifi fadar Shambor. A 1519 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa aka aza harsashinta cikin daji, kusa da kogin Luwar a Faransa, don ya sami masauki in ya fito bin barewa. Ɗakuna sun haura 400, amma duk zaman da ya yi a ciki bai wuce 'yan makonni ba. Sarki goma zamani goma. Sarauta ta shuɗe, jar barewa kuwa tana nan, cikin fili mai hekta 5,440 da katangar kilomita 32 ta kewaye.

Baƙi da yawa iyakarsu lambun da aka sake dasawa a 2017, su ɗauki hoto su juya. A ganina sun yi asara babba. Wanda ya zo tsakanin tsakiyar Satumba da tsakiyar Oktoba, lokacin barbara, ya hau rumfar kallo da almuru, zai ji daji ya ɗauka da ruri. Namiji ne ke miƙa wuya, ya kwantar da ƙaho kan gadon bayansa, ya saki murya mai kauri kamar ta bajimin sa. Ba ya ko kula kiwo. Yana tattara mata, yana korar abokan gaba, har ƙugunsa ya zube.

Ƙahon nan ƙashi ne zalla, ga rassa. Barewarmu da nata take mutuwa, namijin jar barewa ko kowace shekara yakan zubar da nasa wajen Fabrairu ko Maris, sabo ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi da jini ke gudana a ciki. In ya ƙosa, sai ya goge fatar a jikin itace. Turawan da sun ga abin al'ajabi a nan: suna ba da labarin Hubert, maharbin da ya tuba bayan ya ga gicciye tsakanin ƙahonin barewa.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, sai dai gudun da saura. Ɗan da aka haifa a Mayu ko Yuni lafewa yake cikin ciyawa, jiki duk ɗigo-ɗigo fari, uwar tana zuwa shayar da shi. Dajin Shambor kuwa, tun 1947 ya zama gandun gwamnati, kuma daga nan aka riƙa kama barewa da raga ana kai wa dazuzzukan da nasu suka ƙare.