Dole, ya kamata, mai yiwuwa: yadda ake auna Ingilishin shugabanni a bakin iyakar Ƙonni

Ranar 30 ga watan Yuli na 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun hamɓarar da shugaba Mohamed Bazoum, shugabannin ƙasashen CEDEAO suka taru a Abuja bisa jagorancin Bola Tinubu, suka ba da wa'adin mako guda. Takardar da suka fitar ta ce idan wa'adin ya cika ba a biya musu buƙata ba, za a ɗauki dukkan matakan da suka wajaba, kuma matakan nan suna iya haɗawa da amfani da ƙarfi. A cikin Ingilishi, wata ƴar kalma mai harufa uku ce ta ɗauki nauyin wannan "suna iya", wato may. Wa'adin ya cika ranar 6 ga watan Agusta, soja ko ɗaya bai ƙetaro ba. Amma rufe iyaka, wanda ba a rataya shi ga may ba, aka ce nan take ne, shi kam ya tabbata, kuma tsakanin Ƙonni da Illela ta Nijeriya ba a sake buɗe hanya ba sai cikin watan Maris na 2024.

To, jama'a masu karatu, mai buhun albasar Galmi da ke jiran mota, da dillalin shanu a kasuwar Badagishiri, da ma'aikacin duwan ko na ofishin mai mulkin Malbaza ko Illela tamu, dukkansu abincinsu yana rataye ga maganar da ake yi a wancan gefe, cikin harshen da yawancinmu muka ɗan taɓa kawai a kwaleji. Saboda haka sanin nauyin waɗannan kalmomi yana cikin jarin ɗan kasuwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda malamanmu na zaure suka riga suka shimfiɗa mana. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san hukunci kashi biyar ne: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi da haram. Ingilishi ma kusan haka ya jera nasa. Must shi ne wajibi, dole ke nan, ba zaɓi. Should da ought to su ne mustahabbi, wato ya kamata, in an yi an kyauta, in an bari ba a kama kowa. May tana da fuska biyu, ko dai an yarda ka yi, ko kuwa mai yiwuwa ne abin ya faru. Should not makaruhi ne, must not kuwa haram ne tsantsa. Kwatancen bai cika ɗari bisa ɗari ba, amma yana hana mutum ɓata.

Akwai rami guda a nan da ya kamata a kiyaye. Must da have to ma'anarsu kusan ɗaya ce, amma da zarar an kore su sai su raba hanya. Idan aka rubuta cewa kaya must not su shiga, an hana ke nan. Idan aka ce mutum does not have to ya biya, ko need not, ma'anar ita ce ba dole ba ne, yana iya biya in ya ga dama. Tsakanin "kada ka yi" da "ba sai ka yi ba" akwai tazarar da ke iya cin kuɗin mota guda.

Kalmar da ta fi yaudarar ma'aikacin da ya yi karatu da Faransanci ita ce shall. A aji an koya mana cewa ita da will na lokaci mai zuwa ne, wato "za a yi". A bakin alƙali da cikin yarjejeniya kuwa shall umurni ne. Dalilin ruɗanin shi ne dokokinmu na Faransanci ba su cika buƙatar irin wannan kalma ba, suna faɗin abu kamar yana faruwa yanzu, kowa kuma ya gane tilas ne. Wanda ya saba da haka, in ya ga shall a takardar kwangila ya fassara ta da "za a kawo kaya ranar kaza", ya mai da bashi ya zama alkawari.

Sai dai kuma, a siyasa, shall ɗin ma ba kullum take da haƙora ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 da aka sa wa hannu a Dakar, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90, da shall aka rubuta ta. Wannan bai hana gwamnatin Shehu Shagari korar baƙi a farkon 1983 ba. Bai hana Janar Muhammadu Buhari rufe iyaka a watan Afrilu na 1984 ba, ana tsakiyar fari, har talakawa suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa, kuma sai a 1986, zamanin Babangida, aka buɗe. Buharin ya sake rufewa a watan Agusta na 2019 da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, kuma da aka tashi buɗewa ranar 16 ga watan Disamba na 2020, Illela na cikin ƙofofi huɗu na farko. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma yana da irin wannan. Babinsa na biyu ya ɗora wa gwamnati nauyin tsaro da jin daɗin jama'a da ilimi, duk da shall, amma sashe na 6 na wannan kundi ya hana kotu ta binciki ko an cika abin da babin ya ce. Wajibi ne da ba a naɗa masa alƙali ba.

A bisa dandalin siyasa, abin lura shi ne wa aka ɗora wa nauyin. Idan shugaba ya ce we must, sai a tambaya su wa ke cikin wannan "mu", domin sau da yawa talaka ne zai ɗaure ciki, mai maganar kuwa ya riga ya ci. Idan ya ce abu must be done, ya ɓoye mai aikin gaba ɗaya, kuma mu Hausawa ba mu da bakin zargi, don "dole a gyara" tamu ma ba ta ambaci kowa ba. We have to kuwa, bisa ga al'ada, tana nuna tilas ɗin daga waje ya zo, kamar mai cewa ba da son raina ba ne, bashi ko kasuwar duniya suka matsa mini.

Ni dai a ganina, maganar da ta fi cizo ita ce wadda ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin kalmomin nan. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023, wurin rantsar da shi, Tinubu bai ce dole a janye tallafin man fetur ba, bai ce ya kamata ba, cewa ya yi tallafin ya tafi. Cikin ƴan kwanaki kuɗin lita ya kusa ninkawa uku a Nijeriya, kuma ƴan ruwa-ruwa da masu babura na Ƙonni ba su buƙaci tafinta ba.

Ranar 29 ga watan Janairu na 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, ƙungiyar ta fitar da sanarwa game da fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen uku da kuma kayansu na kasuwanci. Hukumomin ƙasashenta ta nemi su ci gaba da karɓa, kuma ta ƙara da cewa har sai an ji sabon bayani.