Banjo mara ƙarfe a wuya: me aka faɗa daidai, me aka ƙara wa gishiri?

A Amurka akwai masu sayen tsohuwar banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, su cire siraran ƙarafan da aka gitta a wuyanta, waɗanda ke yanka wa yatsa iyakar kowane sauti. Ana yawan cewa wannan sabuwar bidi'a ce ta 'yan ƙwalisa. Ba haka ba ne. Banjo ta fara ne a hannun bayin da aka kwaso daga Afirka: ƙwarya, fata, wuya sumul. Haka take a zanen da wani mai suna Hans Sloane ya buga a 1707, na wadda ya gani a Jamaika. Ƙarafan ba su zama ruwan dare ba sai wajen shekarun 1880. Ko bayan nan ma, makaɗan Round Peak a Arewacin Karolina, irin su Fred Cockerham, sun ci gaba da kaɗa mara ƙarfe. Tasa ma fomika aka shimfiɗa mata a wuya don yatsa ya riƙa sulɓi.

Wasu namu kuma na cewa daga gurmi aka samo banjo. Dangantaka kam akwai, amma babu hujjar cewa jikarsa ce. Masu bincike sun fi nuna akontin na Jolawan Senegal da Gambiya.

Sai zancen "fizge ƙarafa kawai za ka yi, shi ke nan". A nan ake yin ɓarna. Itacen da ya shekara ɗari ya bushe ƙayau, kana fizga zai ɓantare. Gwani yakan ɗumama kowane ƙarfe, ya ɗago shi a hankali, ya cusa siririn katako da gam a cikin tsagar, ya goge har farce ya wuce bai ji tuntuɓe ba. Daga nan a ɗan sauko da tsirkiya, domin ta yi wa wuyan nisa. Tsirkiyar ma yawanci ta nailan ko ta hanji ake sawa. Ta ƙarfe tana cin itace, tana kuma iya lanƙwasa tsohon wuya.

Cewa aikin yana karya darajar kaya, wannan gaskiya ne, idan kayan na gani na faɗa ne kamar Fairbanks Whyte Laydie. Ni a ganina irin wannan ba a taɓa wuyanta. A sassaƙa mata sabo sumul a ɗaura, na asalin a naɗe shi a ajiye. Mai neman ta gwaji ya nemi mai araha wadda ƙarafanta suka riga suka cinye.