Kirsimeti a Najeriya: Ma'anar Al'adun Bikin da Nauyin da Suke Ɗora wa Al'umma

Ranakun 25 da 26 ga watan Disamba na cikin ranakun hutun ƙasa a Najeriya, kuma kowace shekara Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kan fitar da sanarwar hutun tare da kira ga jama'a da su zauna lafiya. Abin da ido ya fi gani a waɗannan kwanaki shi ne sababbin ɗinkuna, da tukwanen shinkafa, da tashoshin mota cike maƙil, da majami'u suna amo da waƙoƙin yabo. Sai dai kusan kowace al'ada ta wannan biki tana da tushe, kuma in aka bi tushen za a tarar da wani hakki da mutum ke ɗauke da shi game da maƙwabcinsa, ko garinsu, ko ƙasarsa. Inda aka riƙe al'adar aka saki hakkin, a nan matsala kan ɓullo, wani lokaci har da asarar rayuka.

Labarin haihuwar Yesu Almasihu kamar yadda ya zo a Linjilar Luka ya fara ne da wani al'amari na hukuma. Kaisar Augustas ya ba da umarnin a ƙidaya jama'ar daularsa, kowa ya koma garin kakanninsa a rubuta shi. Wannan ne ya tashi Yusufu daga Nazarat zuwa Baitalami tare da Maryamu tana ɗauke da tsohon ciki. Ba su sami wuri a masauki ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Masu wa'azi kan tsamo abubuwa biyu daga nan: iyali ne da suka yi tafiya mai wuya don cika umarnin hukuma, sannan baƙi ne da gari ya kasa ba su wurin kwana. Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba. Mafi daɗewar rubutun da ya nuna ana bikin a ranar 25 ga Disamba ya fito ne daga birnin Rum, yana komawa ga shekarar 336, kuma har yau Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sai ranar 7 ga Janairu suke nasu, saboda bambancin kalanda.

A ƙasar da ta zama Najeriya, ana danganta bikin Kirsimeti na farko da garin Badagry a shekarar 1842, lokacin da Thomas Birch Freeman na cocin Methodist da Henry Townsend na cocin Anglican suka jagoranci sujada a gindin wata bishiya da ake kira Agia. Daga wannan ɗan taro bikin ya yaɗu, yana ɗaukar kamannin kowane yankin da ya shiga. A Kalaba ya zama gagarumin bikin kan titi wanda gwamnatin Donald Duke ta fara a 2004. A Uyo ya zama taron dubban mawaƙan coci a fili guda. A Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba, inda coci-coci da yawa ke sujada da harshen Hausa, bikin yana tafe ne da raye-rayen gargajiya da waƙoƙin Zumuntar Mata.

Al'adar da ta fi girgiza ƙasar baki ɗaya ita ce tafiya gida. Tun daga tsakiyar wata, ɗan kasuwar da ke Legas ko Sabon Garin Kano, da ma'aikacin da ke Abuja, da wanda ke zaune a Ingila ko Amurka, kowa hankalinsa ya koma ƙauye. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ziyara ce kawai, zumunci dai a ƙafa yake. Amma a yankin kudu maso gabas musamman, makon Kirsimeti shi ne lokacin da ƙungiyoyin ci gaban gari ke zaman shekara. A nan ake karanta lissafin kuɗin da aka tara, a zaɓi shugabanni, a sasanta rikicin gona, a yanka wa kowa abin da zai bayar don ɗakin taro, ko rijiyar burtsatse, ko gyaran makaranta. Garuruwa da dama a yankin sun sami makarantar sakandare da asibitin sha-ka-tafi ta wannan hanya tun kafin gwamnati ta iso gare su. Wanda ya shekara uku bai zo ba, kuma bai aiko da nasa kason ba, za a tuna masa ranar da ya zo neman wurin gini ko hidimar jana'iza.

Wannan tafiya tana da tsada, kuma ba kuɗin mota kaɗai ake biya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kan ƙaddamar da gangami na musamman a watanni huɗun ƙarshen shekara, domin a lokacin ne direbobin haya ke ƙoƙarin yin sahu biyu a inda ya kamata su yi ɗaya. Akwai masu cewa watannin ne ke da mugun jini. Jami'an hukumar sun sha bayyana cewa gudu ne, da lodi fiye da kima, da tuƙi cikin maye ko gyangyaɗi, da tsofaffin tayoyi. Fasinjan da ya ga direba na tsere ya kama bakinsa don yana ɗokin isa gida, shi ma yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya. Gwamnati kuwa nata hakkin yana kan hanya da abin hawa. Shekaru da dama tsohuwar gadar Neja ta 1965 da ke tsakanin Asaba da Onitsha ta kasance maƙogwaron da matafiya ke kwana a kai, har sai da aka buɗe gada ta biyu na wucin gadi a ranar 15 ga Disamban 2022 domin masu tafiya biki, kafin a ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023. A Disamban 2023 kuma, bayan cire tallafin man fetur ya ɗaga kuɗin sufuri, gwamnatin tarayya ta sanar da rage rabin kuɗin mota a wasu manyan hanyoyi tare da shiga jirgin ƙasa kyauta na tsawon kwanakin bikin.

Sai abinci. A unguwannin da Musulmi da Kirista ke zaune katanga ɗaya, a Kaduna ko Jos ko Ibadan ko Lokoja, yara kan yini suna kai kwanukan shinkafa da kaza gida-gida, kuma da Sallah kwanon kan dawo da nama. Akwai Kiristocin da ke kiran maƙwabci Musulmi ya yanka musu rago ko kaza domin kowa ya ci hankali kwance. Ƙaramin abu ne, amma a garuruwan da rikici ya raba unguwanni, mutane suka koma zama kowa da nasa, wannan kwano na cikin abubuwan farko da suka ɓace, kuma dattawa kan ambace shi idan suna ba da labarin yadda zama yake a da. Bayan harin bam da aka kai cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla a jihar Neja ranar Kirsimetin 2011, wanda ya hallaka fiye da mutum talatin, sujadar ranar ta ƙaru da wani sabon aiki: matasa masu sa kai a bakin ƙofa, da binciken jakunkuna, da ajiye motoci nesa da gini. A Sabon Tasha da ke Kaduna kuwa, an san Fasto Yohanna Buru da karɓar baƙuncin Musulmi a cocinsa kowace Kirsimeti, shi ma yana halartar nasu bukukuwan.

Ranar 26 ga wata ita ce ta fi buƙatar bayani, domin mutane da yawa sun ɗauka ranar dambe ce saboda sunanta na Turanci. Sunan ya samo asali ne daga akwati. A Ingila akan ba barori da masu ƙananan sana'o'i akwatin kyauta washegarin Kirsimeti, ana kuma danganta ranar da buɗe akwatunan sadaka na coci don raba wa matalauta. A kalandar coci kuwa, ranar ta Istifanas ce, wanda Kiristoci ke ɗauka a matsayin shahidi na farko. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne aikin da aka fara ba shi. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin gunaguni da ya tashi a cikin jama'ar masu bi ta farko a Urushalima: masu jin harshen Girka sun koka cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzannin ba su ce a daina rabo ba, ba su kuma ce a yi haƙuri ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu mutunci a danƙa musu aikin, Istifanas na cikinsu. Coci-coci da yawa daga nan suke ganin tushen muƙamin dikin. Wato tun daga farko, a koyarwar Kirista, ba da kyauta abu ne guda, tsara yadda za ta kai ga mai ita kuma aiki ne na daban mai buƙatar mutanensa.

Watan Disamban 2024 ya nuna wa Najeriya muhimmancin wannan bambanci ta hanya mafi ɗaci. A ranar 18 ga wata, yara 35 suka mutu a turmutsitsi a wajen wani bikin yara a Ibadan, inda aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci. Kwana uku bayan haka, ranar Asabar 21 ga wata, mutum 10 suka rasu a harabar cocin Katolika na Holy Trinity da ke Maitama a Abuja wajen rabon kayan abinci, wasu 22 kuma a garin Okija na jihar Anambra wajen rabon shinkafa, kamar yadda 'yan sanda suka tabbatar. Mutum 67 ke nan cikin kwana huɗu, mafi yawansu mata da yara. Shugaba Bola Tinubu ya soke wasu tarukan da zai halarta a Legas, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya gargaɗi masu shirya irin wannan rabo da su riƙa sanar da jami'an tsaro tun da wuri, wasu jihohi kuma, ciki har da Legas, suka gindaya sharuɗɗan shirya manyan taruka.

Ba wanda zai ce masu rabon mugunta suka nufa. Wasu daga cikinsu sun shekara da shekaru suna yi lami lafiya. Abin da ya canza shi ne yawan mabuƙata. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.6 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024, ta abinci kuma ta kusa kashi 40. Wurin da aka saba ganin ɗaruruwa sai ga dubbai, wasu tun kafin asuba, ƙofa kuwa ɗaya ce. Zargin talaka da haɗama a irin wannan hali rashin adalci ne. Uwar da ta kwana a bakin ƙofa da goyo ba don sha'awa ta yi ba. Amma kyakkyawar niyya ma ba ta sauke wa mai bayarwa nauyin lissafi: mutum nawa ake sa rai, ta ina za su shiga, ta ina za su fita, wa zai kula da tsofaffi, ina motar asibiti. Akwai kuma tambayar da ba a son yi da ƙarfi, wato ko rabon da ake shelantawa a rediyo da Facebook don a tara jama'a gaban kyamara an shirya shi ne domin mai karɓa ko domin mai bayarwa. Linjila kanta ta yi gargaɗi game da sadakar da ake yi don idon mutane.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wannan fage ga addini kaɗai ba. Sashe na 24 ya jera hakkokin da ke kan ɗan ƙasa, ciki har da mutunta darajar sauran 'yan ƙasa, da ba da gudummawa mai amfani ga al'ummar da yake zaune a cikinta, da taimaka wa hukumomi wajen kiyaye doka da oda, da biyan haraji. Sashe na 14 kuma ya ɗora wa gwamnati tsaro da walwalar jama'a a matsayin babban dalilin kafa ta. Saboda haka buhun shinkafar coci ba ya maye gurbin aikin hukuma, kuma shugabannin Kirista kan yi amfani da saƙon Kirsimeti su tuna wa masu mulki hakan. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976, kan fitar da irin wannan saƙo kowace shekara. Na Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato a 2020, wanda ya soki gwamnatin lokacin kan tsaro da rabon muƙamai, ya jawo muhawara mai zafi: wasu na ganin ya yi abin da ya wajaba a kan malami, wasu na ganin ya wuce gona da iri. Muhawarar kan iyakar mumbari ba ta ƙare ba, kuma ba Kirista kaɗai ta shafa ba.

Hanyar rabo mafi aminci ba sabuwa ba ce, tana nan a hannun ƙananan majami'u tun da daɗewa. Dattawan coci da shugabannin Zumuntar Mata sun san gwauraye da marayu da marasa lafiyan unguwa da sunayensu. Akan tara hatsi da mai da zannuwa tun daga bikin godiyar kaka, a rubuta sunaye, a ƙulla kason kowa, sannan a rarraba mutane biyu-biyu ko uku-uku su kai har gida, wasu kuma su nufi asibiti da gidan gyaran hali. Ƙungiyar St. Vincent de Paul ta Katolika, wadda aka kafa a birnin Paris a 1833, da irin wannan ziyara ta gida-gida ta fara aikinta. Tsarin yana cin lokaci, yana buƙatar masu sa kai da yawa, kuma ba ya kaiwa ga baƙon da ba ya cikin rajistar kowa, kamar ɗan gudun hijirar da ke kwana a kangon gini a gefen Abuja. Don irin waɗannan ne ake raba kati tun kafin ranar, a kasa rabon zuwa wurare da kwanaki dabam-dabam, a kuma nemi masu unguwanni da limaman masallatai su taimaka wajen tantance masu buƙata.