Masana suna neman asirin hatsi don su ba shinkafa da alkama

Duk manomin da ya ga farin 1973 da na 1984 ya san bambancin hatsi da sauran cimaka. In ruwa ya ɗauke kwana 15, hatsi yana naɗe ganye ya jira. Shinkafa da alkama ba su da wannan haƙuri. Yau masana ilmin tsiro na ƙasashe da yawa suna binciken dalilin haka, don zafi yana ƙaruwa a duniya, damana kuma tana gardama.

Ga abin da suka gano. Ganye shi ne madafar tsiro. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, tsiro ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi abincinsa. Amma duk sa'ad da ƙofa ta buɗe, ruwan jikin tsiro yana fita. In ya rufe, yunwa. In ya buɗe, ƙishirwa.

Hatsi da dawa da masara suna da dabara. Suna tara iskar da suke bukata cikin wasu ƴan ɗakuna da ke kewaye da jijiyoyin ganye, kamar yadda ake tara damma a rumbu. Saboda haka ba sai sun buɗe ƙofa da yawa ba. Da kusan rabin ruwan da shinkafa ko alkama ke sha, hatsi yana yin girma daidai da nasu. Su kuwa shinkafa da alkama, in zafi ya tsananta, madafarsu tana rikicewa, wani kashi na abincin ya lalace.

Tun 2008 aka fara wani babban aiki a cibiyar binciken shinkafa ta ƙasar Filifin, tare da jami'o'in Ingila da wasu ƙasashe. Nufinsu su sāke ƙwayoyin gadon shinkafa, ta riƙa aiki irin na masara da hatsi. Ƙwayoyin gado su ne abin da ɗa ke ɗaukowa daga iyaye, ko mutum ne ko tsiro. Aikin yana da wuya, har yanzu wannan shinkafa ba ta kai hannun manoma ba.

A wasu wurare an kai ga gona. A Arjantina wata masaniya, Raquel Chan, ta samo ƙwayar gado daga wani tsiro mai babban fure wanda ake matse mai daga ƴaƴansa. An sa ta cikin alkama don ta jure fari, gwamnatin ƙasar ta yarda da ita a 2020. A Najeriya, a 2024, an fitar da masara mai suna TELA daga cibiyar Samaru ta Zariya, wadda aka gyara don tsutsa da ƙarancin ruwa. Akwai masu murna da ita, akwai masu tsoron kada manomi ya koma sayen iri kowace shekara.

Shi ma hatsi an karanta ƙwayoyin gadonsa a 2017, sun fi 38.000. An tarar yana da masu yawa da ke yin wani kakin da ke rufe ganye ya hana ruwa fita. Hatsi yana iya fitar da kai ya yi ƙwaya ko zafi ya kai digiri 42.

A Nijar, ma'aikatan INRAN na Tarna kusa da Maraɗi da na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai suna bin hanyar zaɓe da auratar da iri. Ta haka aka samu HKP, wanda ke nuna cikin wata 3, da Chakti, wanda ya fito a 2018, mai nuna cikin kwana 65 ko kusa da haka.

Babu irin da ke yi ba ruwa. Iri mai kyau yana rage asara ne kawai, kuma yana son taki da noma kan lokaci. Abin da ya kamata manomi ya riƙe shi ne wannan: abin da masana ke wahalar nema yana cikin rumbunsa. Wanda ya karɓi sabon iri, ya gwada shi a gefen gona, amma kada ya cinye ko ya sayar da irin kakanninsa duka. Tiya guda da aka ɓoye ta fi dami goma da aka yi alkawari.

Allah ya kawo damana mai albarka.