Oumarou Ganda: Sojan da Ya Mayar da Rayuwarsa Fim

Idan fim ya yi kyau, jarumi ake yaba wa. Amma wanda ya zaɓi labarin, ya ce ga inda za a kafa kyamara, ga abin da za a nuna, ga abin da za a yanke a wurin tacewa, shi ne darakta. Rayuwar marigayi Oumarou Ganda ta isa ta nuna mana nauyin wannan aiki.

An haife shi a Yamai a 1935. Tun yana matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocina, wato yankin Biyetnam ta yau. Da ya dawo gida aiki ya gagara, sai ya nufi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa. A can ya haɗu da Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. An ɗauki hotunan ne babu sauti, daga baya Ganda ya zauna yana kallo yana ɗora maganarsa a kai. Rayuwar tasa ce, muryar ma tasa, amma mai riƙe da kyamara da almakashin tacewa wani ne daban.

Da Ganda ya koma Yamai sai ya koyi sana'ar fim a ƙungiyar masu sha'awar fim ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar. A lokacin, yin fim ba wasa ba ne. Ana ɗauka ne a kan zaren fim mai faɗin milimita 16, mai tsada, kuma sai an aika da shi Faransa an wanke kafin darakta ya ga abin da ya ɗauka. Dole mutum ya gama tsara kowace fitowa a kansa kafin a kunna kyamara, domin kuskure ɗaya asarar kuɗi ne da watanni.

Cikin wannan hali ya yi Cabascabo, da harshen Zabarmanci, ya kuma fito a matsayin jarumin. Tsohon soja ne ya dawo daga Indocina da kuɗin sallama, abokai suka yi masa caa, kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Dabarar Ganda ita ce bai jera labarin daga farko zuwa ƙarshe ba. Yakan tsaya a Yamai, ya koma fagen daga ta cikin tunanin sojan, don mai kallo ya gane cewa yaƙin bai bar zuciyar mutumin ba. An nuna fim ɗin a bikin Cannes a 1969.

Daga nan ya juyo kan al'umma. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame labarin wani Alhaji ne da ya yi amfani da dukiya ya auri yarinyar da aka yi wa wani alkawarinta, abin da ya jawo kishi da zubar da jini. Shi ne fim na farko da ya ci babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. A Saïtane ya tona asirin malamin tsibbu mai fakewa da addini, a L'Exilé na 1980 kuma ya ɗauko tatsuniya ya yi magana a kan cika alkawari. Zalika Souley na cikin taurarin da suka haskaka a finafinansa.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, FESPACO kuma na ba da kyautar Oumarou Ganda ga daraktan da fim ɗinsa na farko ya yi fice. Ga matasanmu masu kyamara a hannu, daga Kano har Maraɗi: kayan aikinku sun fi nasa sauƙi nesa ba kusa ba. Ku nemi finafinansa ku kalla, sannan ku ba da labarin da kuka sani daga tushe.