Abubuwan da ya kamata ka sani game da koya wa yara karatu ta waƙoƙin bidiyo

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, da wuya ka tarar da littafin labarin yara a tsakar gida. Waya kuwa akwai ta, kuma cike take da waƙoƙin da aka turo a kasuwa ranar ci. Yaro ɗan aji huɗu zai rera maka waƙar Hamisu Breaker ko ta Nura M. Inuwa tun daga amshi har ƙarshe, amma ka miƙa masa layi biyu na Hausar boko sai ya tsaya yana inda-inda. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Mece ce dabarar?

A rubuta baitocin waƙa a ƙasan hoton bidiyo da harshen da ake rera ta. Waƙar Hausa, rubutun Hausa. Kowace kalma tana sauya launi daidai lokacin da mawaƙi ya furta ta, yadda kunne da ido za su haɗu a kan kalma guda. Shi ke nan.

Daga ina ta samo asali?

Daga Indiya, ƙasar da muka daɗe muna kallon finafinanta. Wani malami mai suna Brij Kothari, na cibiyar koyon harkokin gudanarwa da ke Ahmedabad, shi ya fara tunaninta a 1996. An gwada ta a talabijin na jihar Gujarat a 1999, sannan daga 2002 ta shiga tashar ƙasa ta Doordarshan, a shirye-shiryen waƙoƙin fim irin su Chitrahaar da Rangoli. Binciken da aka yi ta bin ɗalibai shekara da shekaru ya nuna waɗanda ke yawan kallon waƙoƙin masu rubutu sun fi takwarorinsu ci gaba a karatu. A 2019 gwamnatin Indiya ta fitar da ƙa'idar da ta nemi tashoshin talabijin su riƙa sa rubutu a shirye-shiryensu na nishaɗi. A Ingila ma an yi gangami a 2021 ana roƙon iyaye su kunna wa yaransu rubutun ƙasan allo.

Me ya sa take aiki?

Na farko, ido ba ya iya ƙyale rubutu. Masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam, ƙarƙashin Géry d'Ydewalle, sun yi amfani da na'urar bin motsin ido suka gano cewa wanda ya ɗan iya karatu yana duban rubutun da ke ƙasan hoto ko bai yi niyya ba.

Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci a ganina, yaron ya riga ya haddace waƙar. Ya san kalmar da ke tafe kafin ta bayyana, don haka babu fargabar kuskure, babu dariyar 'yan aji, babu bulala. Kuma waƙa ba ta gundura. Labarin da ke littafi sau ɗaya ko biyu za a karanta, amma waƙar da ta shiga rai sai a maimaita ta har batir ya mutu, amshinta kuma yana dawowa bayan kowane baiti. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan hanya: baki na biyawa da ƙira'a, yatsa na bin baƙi, har wata rana ido ya gane abin da harshe ya daɗe da sani. Magabatanmu ma da waƙa suka yaɗa ilimi, tun daga Nana Asma'u da 'yan tarunta har zuwa Aliyu Namangi mai Imfiraji.

Na uku, Hausar boko tana da sauƙin kai. Kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta, saɓanin Turanci da harafi ɗaya kan yi sauti iri-iri. Yaron da ya kama haɗa baƙi da wasali, abin da ya rage masa yawan bita ne kawai, kuma bitar ce babu a karkara.

To ai finafinanmu na da rubutu a ƙasa

Suna da shi, amma da Turanci. Finafinan Kannywood da shirye-shiryen Arewa24 irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in an yi musu rubutun ne domin wanda ba ya jin Hausa. Wannan bai yi laifi ba. Sai dai ga yarinyar da ke Bagwai, kunnenta na jin Hausa, idonta na ganin wani harshe, babu abin da ya haɗu. Abin takaicin shi ne masu tace hoto sun iya aikin, kayan aikin na hannunsu, wurin rubutun ma a buɗe yake.

Abin da ba za ta iya yi ba

Ba za ta maye gurbin malami ba. Yaron da bai san harafi ko ɗaya ba, rubutun zai wuce masa ne kamar ado. Dole wani ya fara koya masa baƙaƙe da wasula. An ga amfanin irin wannan koyarwa a shirin KaLMA da aka fara a 2019 a makarantun Dawakin Tofa da Wudil, inda ake raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke. Waƙa mai rubutu tana zuwa ne bayan wannan, ta riƙe wa yaro karatunsa a lokutan da makaranta ta yi nisa: da damina sa'ad da noma da ciyawar dabbobi suka ɗauke yara maza, ko da yamma bayan yarinya ta dawo daga talla. Akwai kuma matsalar ƙaramin gilashin waya da kuɗin caji. Rubutun sai ya zama manya-manya, layi ɗaya ko biyu, in ba haka ba wahalar banza ce.

Wace waƙa za a sa wa yaro?

Iyaye na da gaskiya idan suka yi ɗari-ɗari da wasu waƙoƙin soyayya da raye-rayensu. Babu wanda ya ce sai su. Ga ƙasidun yabon Annabi (SAW) da yara ke rerawa a Islamiyya, ga waƙoƙin faɗakarwa irin na Aminu Ala, ga waƙoƙin gaɗa da na wasannin dandali. Sharaɗi ɗaya ne, ta kasance waƙar da yaron ke so da kansa. In aka tilasta masa, ta koma darasi, daɗin ya tafi.

Wa ya kamata ya motsa?

Mawaƙa da masu ɗakunan tace bidiyo su ne kan gaba, tare da kiyaye ƙa'idar rubutu. Yawancin baitocin da ake ɗorawa a YouTube ba su da ƙugiya, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Yaron da ya ga "kasa" sau ɗari a inda ake nufin "ƙasa" ya koyi kuskure da kyau, kuma cire shi sai an sha wuya. Malaman Hausa na Jami'ar Bayero da na kwalejin ilimi ta Bichi za su iya duba rubutun kafin a saki waƙa. Hukumar tace finafinai ta Kano da tashar ARTV na da ikon ƙarfafa abin, musamman tunda gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024.

Kai kuma mai gida ko uwar gida, in za ka ba da waya a tura maka waƙa ranar kasuwa, ka tambayi mai turawar ko yana da masu rubutun Hausa a ƙasa. In an dawo gida, ka zaunar da yaron kusa da kai, ka tsayar da hoton a kan layi guda, ka ce ya nuna maka kalmar da aka faɗa.