Mene Ne Gidajen Wanki na Magdalene?

Gidaje ne da mata masu hidimar cocin Katolika suka gudanar a Ireland, inda aka riƙa kulle 'yan mata, ciki har da waɗanda suka yi ciki ba aure. Sau da yawa iyaye ne suka riƙa kai su don rufin asiri. A raba su da jariransu a ba wasu riƙo, su kuma su yi ta wanki ba ko sisi.

Patricia Burke Brogan, wadda ta gani da idonta a Galway, ta tona wannan zalunci a wasan daɓenta Eclipsed na 1992, inda wata 'ya ta komo neman mahaifiyarta. An rufe gida na ƙarshe a 1996, amma sai 2013 gwamnati ta nemi gafarar matan.